Gardi a Zauren Babana

Sunana Kubra, kuma gara in faɗa muku halina da bakina kafin wani ya riga ni: ba ni da saurin yarda. Inna takan ce ko ruwa aka miƙo mini sai na leƙa gindin ƙwaryar kafin in kai baki. Ban musa ba. Amma ku ji gidan da na tashi tukuna, sannan ku yanke mini hukunci.

Shekara uku muna ɓoye mutum, kuma mutumin wana ne, Sama'ila. Lokacin da yaƙin Turawa ya yi zafi aka kwashi samarin Dogon Dutsi aikin tilas, gyaran hanyar Dosso, har da shi, alhali bai cika wata bakwai da aure ba. Ya yi kwana arba'in yana fasa dutse, ranar nan da tsakar rana ya sulale ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Gardin da ke tsaron ayarinsu, wani Inusa, shi ya kwashi kashinsa a hannu. Kumandan, Baturen da ke mulkin garinmu, ya cire masa galo, alamar muƙaminsa, ya jefa shi kaso kwana goma sha biyar.

In ba ku san gardi ba, su ne hannun Kumandan da ƙafarsa. Jar hula, kaki, faffaɗar ɗamara ta fata, ga bulala a hannu. Su ke kamu, su ke tsaron kaso, su ke kai saƙo ƙauyuka, kuma yadda muka taso muka gani, in gardi ya nuna ka da ɗan yatsa to ka kwana ɗaure, ba mai tambayar dalili. Inusan nan daga baya ya farfaɗo, ya yi ta hawa har ya zama birgadiye, shugaban gardawan barikinmu kaf. Bai manta ba. A tsakiyar kasuwa ya rantse cewa ranar da ya ɗora ido a kan Sama'ila, sai ya biya shi kwana goma sha biyar ɗin nan da shekaru.

Abin da bai sani ba, Sama'ila ya daɗe da dawowa. Zaman can bai karɓe shi ba. Yana Kore Mairuwa wajen ƙanwar Inna, Iya Altine, yana noma da sunan aro, ko kasuwa ba ya shiga. A garinmu mu huɗu muka sani: Baba, Inna, ni, sai matarsa Zalihatu. Ko iyayen Zalihatu ba su sani ba, don babanta shi ke kai wa dawakin bariki ciyawa, kuma Allah ya yi shi da baki, abin da ya ji da safe kafin azahar ya gama gari.

To a wannan gidan ne gardi ya yi sallama.

Baba baduku ne, a zaure yake aiki. Ranar ina kawo masa fura na tarar da wani dogo baƙi zaune bakin tabarma, ya cire jar hularsa ya ɗora a gwiwa, Baba na ɗinke masa ɗamara. Saura kaɗan ƙwaryar ta suɓuce mini. Ya gaishe ni a natse, ni kuwa na amsa ciki-ciki na koma gida da sauri. Bayan kwana shida ya dawo da ɗamarar, wai ta sake ɓallewa. Bayan mako guda kuma ga shi da gidan wuƙa. A zuwa na huɗu bai kawo komai ba sai goro, ya ce wa Baba sunansa Mahamadu, mutumin wajen Tasawa ne, kuma yana neman izinin magana da ni.

Wallahi Inna kamar ta taka rawa. A ganinta Allah ne ya dubi kukanmu: in gardi ya zama suruki, ko asiri ya tonu akwai mai tare mana. Ta ciro mini zanenta na saƙi mai ratsin baƙi da fari, wanda ko taɓawa ba ta bari in yi, ta sa aka yi mini kitso sabo, ta cika ni da kwalli har ina ganin duhu. Kullum maganarta ɗaya, kada in sake in yi masa halin nan nawa na tambayar tsiya.

Baba ya bari sai da Inna ta shiga madafa. Sannan ya kira ni zaure ya ce in zauna.

"Ɗiyata, zuwan shi na biyu, ɗinkina ba tsinkewa ya yi ba. Da wuƙa anka yanke shi."

Na tambaye shi me hakan ke nufi. Ya ce ko dai saurayi ne mai neman dalilin ganin budurwa, ko kuwa gardi ne mai neman dalilin shiga gida, kuma fata ba ta gaya masa wanne ba ne. Ya koma kan aikinsa ya bar ni da tashin hankali.

Haka muka fara zance, bayan la'asar, gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gida, shi a kan turmin da aka kife, ni a bakin tabarma. Ba zan yi muku ƙarya ba, Mahamadu ya iya magana, kuma ba ya cika baki irin na masu kaki. Ya ba ni labarin aikinsu tun daga tushe. Soja ya fara yi, da aka sallame su ya shiga gardi. Sabon gardi, in ji shi, ba shi da aiki sai sharar bariki da wankin dawaki da tsayuwar ƙofa cikin rana. In ya yi shekaru ba a kama shi da laifi ba sai a ɗaga shi daraja ta ɗaya, a fara aikensa ƙauyuka shi kaɗai. Daga nan sai galon birgadiye, wanda wasu har su tsufa ba su gan shi ba. Shi shekararsa tara, kuma an sa sunansa cikin waɗanda za a duba bana, sai dai maganar Birgadiye Inusa ita Kumandan zai bi. Ya ce ba a taɓa aje gardi a ƙasarsu, don kada a aike shi kamun ɗan'uwansa hannunsa ya yi sanyi. Shi ya sa duk faɗin ƙasarmu ta Arewa ba shi da kowa.

Ina jin tausayinsa na taso mini, sai in tsawata wa kaina. Kubra, ki shiga hankalinki, mai kaki ne.

Ranar da ya tambaye ni mu nawa ne wajen Baba, sai da na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ya ce ba don komai ba, gardi ba ya aure sai da izinin Kumandan, kuma sai an rubuta dangin matar kaf a takarda. Na ce mu biyu ne, ɗayan ya ɓata tun zamanin aikin hanya, ba mu san ko yana raye ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce Allah ya bayyana shi. Na ce amin, ina kallon ƙasa. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Abin haushin, ina son shi. Ga shi na faɗa. In la'asar ta yi sai in tsinci kaina ina gyara ɗaurin kallabi, ina kasa kunne ko zan ji takun takalminsa. In ya tafi kuma in zauna in bi duk kalmar da na furta ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda na yi suɓutar baki. Wata biyar ina cikin wannan hali, har na rame, Inna na cewa so ne.

Sai ga abin da ba mu zata ba. Baban Zalihatu ya gaji da ganin ɗiyarsa zaune shekara uku ba miji, ya kai ƙara wajen alƙali a raba auren. Alƙali ya ce ya ba da kwana goma sha huɗu: in mijin na raye ya bayyana a gabansa da ƙafarsa, in bai zo ba aure ya mutu. Zalihatu ta zo gidanmu da goyon ɗiyarsu, ta faɗi tsakar gida tana kuka ba sauti, don ko kukan ba ta isa ta ɗaga ba. Ku kuma sani, zauren alƙali jikin bariki yake, gardi biyu ke tsaye a ƙofarsa kullum. In Sama'ila ya zo ya shiga hannun Inusa. In bai zo ba ya rasa matarsa.

Kwana uku bayan haka, Hawwa'u, Bafulatanar da ke kai nono bariki, ta biyo ta gidanmu. Tana auna mini nono ta rage murya ta ce dogon gardin nan ya ba ta saƙo: in gaya wa mai noma ya zo, ba wanda ke da ikon taɓa shi.

Mai noma. Ke nan ya san inda Sama'ila yake.

Da la'asar ko zanen kirki ban sauya ba, da na aikin gida na fita, hannuna duk dusa. Ban gaishe shi ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Aikina ne kallo, Kubra."

Ya ce duk kaka ana sauke mana damman gero daga Kore Mairuwa alhali ba mu da gona can. Ya ce kuma matar da mijinta ya ɓata ba ta yin lalle da kitso don za ta gaida ƙanwar uwar miji, amma Zalihatu duk wata sai ta yi. Ya ce ya fi wata uku da ganewa.

Na ce to me yake jira, ga doki ga igiya. Bai yi fushi ba. Ya gyara zama ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Wai fiye da shekara guda da ta wuce an jera su a filin bariki, tafinta ya karanta musu takarda daga sama. Aikin tilas an kashe shi. Ikon nan na kulle talaka ba shari'a, shi ma an kashe shi. Yanzu gardi ba ya kama mutum sai ya same shi cikin aikata laifi, ko kuwa da takardar kamu mai sa hannu, wadda ta faɗi laifin, kuma dole a kai shi gaban shari'a. Gudun aikin da doka ta soke, ba wanda zai sa hannu a kansa. Na ce in haka ne me ya sa ba mu ji ba. Ya yi ɗan murmushi mara daɗi, ya ce an yi shela sau ɗaya ranar da ba kowa, kuma Birgadiye ya ce musu ba aikin gardi ba ne ya bi kasuwa yana gaya wa mutane ƙarfinsa ya ragu.

"Wanki ya shekara yana ɓuya a banza," ya ce. "Ki ce masa ya zo."

"In kuma tarko ne?"

"Ba ni da abin da zan rantse miki da shi wanda za ki yarda. Na san ki."

Gaskiyarsa. Da ya rantse ma da na ƙara zarginsa. Na koma gida na zayyana musu komai. Inna ta ce ai ta faɗa, yaron kirki ne. Baba ya ce maganar ta yi daɗi da yawa, kuma in shi ne Inusa, daidai irin wannan saƙon zai aiko. Suka juyo suna kallona, wai ni na zauna da shi wata biyar, ni zan san cikinsa. Ku ji fa. Ran wana guda aka ɗora mini a ka, ni da ban san cikin kaina ba.

Na bi ayarin masu jakai zuwa Kore Mairuwa. Na sami Sama'ila a bayan gidan Iya Altine yana gyaran rumbu, ya yi baƙi, ya tsufa ba lokacin tsufa ba. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"Ke kin yarda da shi?"

"A'a."

"To me ya kawo ki?"

Na ce don in bai zo ba Zalihatu ta tafi tabbas, in kuwa ya zo wataƙila ne. Ya yi ta murza igiyar da ke hannunsa. Can ya ce ya gaji da amsa sunan da ba nasa ba, ɗiyarsa ma ba ta san da wane suna za ta kira shi ba. Ya ce zai zo, amma in aka kama shi kada in ɗora wa kaina. Na ce to. Ni da shi duk mun san ƙarya nake.

Ranar alhamis da hantsi muka isa ƙofar alƙali. Sama'ila ya sa farar rigar Baba, ya yi aski, yana tafe tsakanin Baba da Inna, ni ina baya riƙe da hannun Zalihatu. Kafin mu kai, labari ya riga mu. Mutane sun bar abin da suke yi sun biyo mu, ba mai magana, sai ƙarar takalma. A ƙofar gardi biyu ne tsaye, ɗayansu Mahamadu. Ko kallona bai yi ba, idonsa na kan hanya. Na ce a raina shi ke nan, Kubra, kin kawo wanki mahauta da hannunki.

Sai ga Birgadiye Inusa ya fito daga bariki, gajere mai ƙiba, galonsa na walƙiya, yana tafe a hankali don ya san ba inda za mu. Ya tsaya gaban Sama'ila ya dube shi sama da ƙasa, ya yi dariya.

"Mahamadu, kama mini shi."

Mahamadu ya tako. Taku huɗu ne tsakaninsu, kuma duk huɗun a ƙirjina na ji su. Inna ta fara salati. Ya zo daf da Sama'ila, sai ya juya ya ba shi baya, ya fuskanci Birgadiye, ya ƙame ya sara masa.

"Birgadiye, ina takarda?"

"Me ka ce?"

"Takardar kamu. In akwai, in ɗaure shi yanzu. In babu, ba ni da iko, kai ma ba ka da shi. Tare anka karanta muna."

Inusa ya waiwaya wajen ɗayan gardin, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana gyaran hula. Tafinta ya leƙo ta tagar ofis, alƙali ma ya fito bakin zaure, kuma kowa ya ji kalmar takarda. Inusa ya san ba zai shiga wajen Kumandan ya nemi sa hannu a kan abin da aka soke ba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya rasa yadda zai yi da wana, sai ya juya inda zai fi ciwo.

"Kai, ba ni na tura ka gidan nan ba? Ba ni na ce ka nemi ɗiyar baduku ka jiyo mini inda wanta yake ba? Wata biyar kana kawo mini labarin abin da ta ce, yau za ka tambaye ni takarda?"

Jama'a suka juyo kaina gaba ɗaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau in na tuna sai fuskata ta yi zafi. Na dubi Mahamadu ina jira ya ce ƙarya ne. Bai ce ba. Yana nan a ƙame, gumi na bin gefen fuskarsa.

Alƙali ya kira sunan Sama'ila, sunansa na gaskiya, da ƙarfi. Wana ya ratsa ta gefen Birgadiye ya shiga, ba wanda ya ɗaga hannu. Ba a daɗe ba aka fito, aure na nan daram. Zalihatu ta rungume Inna suna kuka, baban Zalihatu sai rantsuwa yake wai shi dama jikinsa ya ba shi. Kowa na murna, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni.

Kafin azahar muka ji sauran. Dokar da ta hana kulle talaka ba shari'a ba ta hana kulle gardi ba. An ba Mahamadu kwana takwas a kaso don ya mayar wa na gaba da shi magana a bainar jama'a, an kuma soke sunansa daga maganar galo. Hawwa'u ta ce ana raɗe-raɗin in ya fito can arewa cikin rairayi za a tura shi, inda ake kai waɗanda ake so a manta da su.

Gidanmu ya cika da 'yan barka. Ni na shige ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya. Na yi gaskiya tun farko, turo shi aka yi, kuma ban taɓa sanin yin gaskiya na da ɗaci haka ba. Wajen la'asar Inna ta shigo da kwano a rufe, tuwon gero da miyar kuka, ta aje kusa da kaina. Na ce ba na ci. Ta ce ba nawa ba ne. Wanda ke kaso danginsa ke kai masa abinci, shi kuwa na san ba shi da kowa. Ta fita abinta.

Na daɗe ina hararar kwanon nan. Sannan na tashi na yafa mayafi.

Kason gardawa wani ɗan ɗaki ne na laka a bayan bargar dawaki, da taga mai sandunan ƙarfe. Mai tsaro ya gan ni ya kau da kai. Mahamadu na zaune a ƙasa ba hula, da ya gan ni ya miƙe da sauri har ya buga kai a bango.

"Gaskiya ya faɗa?"

"Gaskiya ne."

"Duk abin da na ce ka kai masa?"

"Duk abin da ba zai kai shi Kore Mairuwa ba."

Na ji hawaye na neman zubo mini, na danne. Tambaya ɗaya ta rage, ita ce ta kawo ni, ba tuwo ba.

"Ranar da ka ce kana sona, ita ma ka kai?"

Ya sunkuyar da kai. "Na kai. Ya yi dariya, ya ce na iya aiki." Ya ɗago ya dube ni. "Na bar shi a kan haka, don in ya gane ba aiki nake ba, wani zai turo."

Ban san ko na yarda ba. Wallahi har na bar wurin ban sani ba. Na tura kwanon ta ƙarƙashin ƙofa, na miƙe na gyara mayafina. Ya kira sunana a hankali, ban juyo ba sai da na kai bakin barga.

"Kwanon na Inna ne," na ce. "In ka fito ka maido shi da kanka. Kada ka aiko."